A Ƙarƙashin Matar da ke Dariya

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kora shanu a ƙafa, daga inda ake kiwonsu zuwa inda ake cinsu, kuma ko sau ɗaya ban tsayar da ɗan Adam na tambaye shi hanya ba. Shi ya sa ake ce mini Sha-Tafiya. Ba ni na raɗa wa kaina ba, abokan kora ne, kuma yawancinsu yau ƙasa ta rufe musu ido, ni ina takawa a kanta. Kogi ya tafi da ni ya dawo da ni. Maciji ya sare ni a ƙafar hagu, shi ya mutu, ni na tashi da ɗan jan ƙafa kawai. Shekarar da fari ya share garake, na fita da shanu tamanin na isa da saba'in da tara, ɗayar ma ni na yanka ta da hannuna. Ban shiga aji ba, ban san baƙi ba sai na jikin bijimi. Amma in na ga bishiyar kuka sau ɗaya, ko bayan shekara goma zan gane ta, don Allah bai halicci kuka biyu iri ɗaya ba. Haka nake tafiyata: in ɗaga kai, in sami abu mai tsawo, in riƙe shi a ka.

Na fara da wannan ne don mai karatu ya san ba sakarai abin ya faru da shi ba. Autata ce ke riƙe da alƙalami, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya.

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu shekara huɗu ke nan. Rana da dare kawai take bambancewa. Sai Auta, wadda ke aure a babban birni, ta aiko cewa an sami likitan da ke cire yanar, mu taho. Ta rubuta lambar wayarta a 'yar takarda ta haɗo da saƙon, ta ce in mun sauka a tasha mu nemi wuri mu zauna, mu ba wani ya kira, mijinta zai zo ya ɗauke mu. Tsohuwa ta ƙulle takardar a haɓar zaninta, don a cewarta aljihuna kasuwa ce, shiga da fita babu mai gadi.

Mun sauka da sassafe. Tsohuwa ta fara kwance ƙulli, na ce ta bari. Ni za a kira wa suruki ya zo ya ɗauke ni kamar buhun gawayi? Auta ta taɓa ce mini gidansu na kusa da wani babban tankin ruwa mai dogayen ƙafafu, ga shi kuwa daga bakin tasha ina hango tanki can gaba, yana tsaye kamar raƙumin dawa. Na ce za mu taka, mu yi musu sallama a ƙofar gida, su san har yanzu da sauran jini a jikina. Tsohuwa ta ce Auta fa cewa ta yi a zauna. Na ce Auta a hannuna aka haife ta, ba ita za ta koya mini tafiya ba. Na saɓa jaka, na miƙa mata ƙarshen sandata ta kama, na shige gaba.

Birnin nan ba a takarsa, kutsawa ake yi. Mutum a gabanka, mutum a bayanka, babur na shafar gwiwar hannunka, mai kura na ihu a ba shi hanya, kwata a buɗe a gefen ƙafa tana jiran wanda zai yi kallon sama. Na wuce layin masu gyaran waya, na wuce inda ake tara tsofaffin firji har sun yi tsauni, na wuce wani shago da aka jera mutanen roba marasa kai sanye da riguna. Tankin kuwa ina matsawa yana matsawa. Tsohuwa na baya tana ta magana, wannan wari kaza ne, wancan ƙara kaza ce, ni ko ina ce mata uhm, don shekara arba'in da biyar ina ce mata uhm kuma aure bai mutu ba.

Da hantsi ya ɗaga sai na ji sandar ta yi nauyi. Ƙafafunta sun kumbura, ta ce in ba ta zauna ba za ta faɗi, kuma maƙoshinta ya bushe. Muna gindin wata doguwar katanga a lokacin. Na ɗaga kai kamar yadda na saba, sai ga alama irin wadda ko makaho zai yi fatan samu: wani ƙaton allo a kan ƙarafa, ya fi rufin ɗakinmu faɗi, da hoton wata mata mai jan ɗankwali riƙe da kofi tana dariya, haƙoranta kowanne ya kai faranti. Allon ya zubo inuwa daidai gindin katangar. Na ajiye jaka a ciki, na zaunar da tsohuwa a kai, na bar mata sandar saboda karnuka.

Ta ce ƙasar wurin na rawa a ƙarƙashinta, kamar garke na wucewa ta ciki. Ta yi atishawa, ta ce kuma wurin na ƙanshin ɗanyen katako. Na ce mata tsufa ne ke rawa, ba ƙasa ba. Sannan na ja mata kunne sosai, don na san halin birni a bakin mutane. Kada ta motsa daga nan ko taku ɗaya. Kada ta amsa wa kowa. Kada ta karɓi komai a hannun kowa, ko ruwa ne, don da ruwa ake sace mutane. Takardar nan kuwa kada ta bari wani ya san da ita.

"To, Sarkin hanya," in ji ta. "Kada dai ka daɗe. Inuwar nan ba ta da kauri."

Mai sayar da ruwan leda na tsallaken titi, amma an ja shingen ƙarfe a tsakiyar titin, sai ta gadar sama ake hayewa. Na hau, na sauka, na sayi leda biyu masu sanyi, na sa ɗaya a kowane aljihu, na sake hawa. Ina tsakiyar gada sai wuri ya yamutse. Ashe ma'aikatan da ke korar masu talla ne suka iso. Mata da tire a ka, maza da kaya a hannu, kowa ya zubo a guje, ni da na tsaya wa bijimai ba su ture ni ba sai ga masu sayar da safa sun tafi da ni. Gadar tana da matakala har shida, ban lura ba sai daga baya. Suka gangara da ni ta ɗaya, suka cusa ni cikin wani lungun kasuwa mai rufin kwano, ba a ganin sama, na bi su har lungun ya tofar da mu a wani titi.

Ban damu ba. Na gyara hula, na ɗaga kai, na juya a hankali. Ga ta can, jan ɗankwali, kofi, haƙora. Ta ɗan fi nisa da yadda na zata, amma na ce turereniya ce ta kai ni nesa. Na nufe ta ina taɓa ledojin a aljihu, ina shirya yadda zan ba tsohuwa labarin na tsaya a gada ni kaɗai kowa na gudu.

Na isa gindin allon. Babu katanga, babu jaka, babu tsohuwa. Wani mai faci ne zaune a kan taya yana goga tiyo.

Na sha ganin tsoro a daji, amma tsoron daji yana da fuska, kana ganin abin da zai cinye ka. Wannan ba shi da ita. Na cafki wuyan rigar mai facin na ce ina ya kai matata. Ya ɓamɓare hannuna a hankali, ya ce tun asuba yake wurin, bai ga wata tsohuwa ba sai ni. Na ce ƙarya yake, a ƙarƙashin wannan matar na ajiye ta, ga shaidata a sama. Ya dube ni, ya dubi allon, sannan ya nuna mini da ƙarfen hannunsa can ƙarshen titi. Na bi hannun da kallo. Wata ce, jan ɗankwali, kofi, tana dariya.

Na ce to waccan ce tawa, wannan 'yar'uwarta ce. Na tafi da sauri. A gindin ta biyu motocin haya ne a jere. Daga nan na hango ta uku a kan rufin wani bene, ta huɗu a bakin wata mararraba. Duk inda na juya tana can ta riga ni, da kofinta, ba ta sha ba kuma ba ta ajiye ba. Har na fara karanto addu'ar neman tsari, don na ɗauka ba mutum ba ce ke bi na.

Abin da ya fi cin raina shi ne inuwa. Mai kora da inuwa yake sanin lokaci. Na dubi tawa, ta taƙure ta dawo gindin ƙafafuna. In tawa ta taƙure, ta allon can ma ta janye daga gindin katanga, rana na dukan tsohuwa a tsakar ka. Kuma na san matar da na aura. In na ce kada ta motsa, ko wuta ce ta zo sai dai ta ci ta a zaune. Ba za ta kira kowa ba, ba za ta sha ruwan kowa ba, takardar da za ta cece ta na ƙulle a jikinta, kuma ni na ƙulle bakinta a kai. Ni da ke da ido ba ni da lamba, ita da ke da lamba ba ta da ido.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya gaban wata mata mai sayar da lemo na tambaye ta hanyar tasha, don na ce in na koma inda muka fara zan bi sawunmu. Maganar ta fito mini kamar ƙaya. Ta ce, "Wace tashar, Baba?" Na ce ta mota. Ta yi dariya ta ce tashoshin mota a garin sun fi goma, wace ce tawa. Na ce wadda ake hango tankin ruwa daga bakinta. Ta ce kowace unguwa da tankinta, ita ma ga nasu can. Da ta ga fuskata sai ta daina dariya, ta miƙo mini lemo. Ban karɓa ba. Na tambayi wani mai ɗinkin takalmi, bai ji harshena ba. Na tambayi ɗan sandan da ke ba motoci hannu, ya ce sunan titin fa. Na ce ban sani ba. Lambar wayar 'yan'uwa fa. Na ce tana wurin wadda ta ɓata. Ya ce in je ofishinsu in ba da rahoto a rubuce, za a duba zuwa gobe, ya juya ya hura usur.

Gobe. Tsohuwar da ko a gida sai an tuna mata ta sha ruwa.

Na ci gaba da bin matar kofi ɗaya bayan ɗaya, don ba ni da wata alama. Na ratsa unguwar da gidaje ke da katanga mai waya a kai, babu kowa a titi sai masu gadi, kowannensu na korata da ido. Na ratsa inda ake ƙera ƙofofin ƙarfe, wuta na tartsatsi har kan hanya. Na ratsa bayan wata kasuwa inda ruwan wanke kifi ke gudu a ƙasa, a nan santsi ya kwashe ni na faɗi ta gefen dama, ledar wannan aljihun ta fashe, ruwan ya bi cinyata. Na zauna a ƙasa ina kallonsa yana shiga kwata. Da na tashi sai na ciro ɗayar na riƙe ta da hannu biyu a ƙirji kamar ƙwai. Harshena ya zama kamar tsohon takalmi a baki, amma ko sau ɗaya ban kai ta baki ba. Ba tawa ba ce.

Wata motar asibiti ta wuce da jiniya, na bi ta da gudu har maɗaurin takalmina na dama ya tsinke, na bar shi a nan. Me zan yi in na cim mata, ban sani ba.

Akwai wani kira da nake yi wa shanu, daga ƙasan maƙoshi yake fita ya ƙare da siririn sauti. Duk lokacin da na dawo daga kora, tun daga bayan gari nake yinsa, tsohuwa ta ji ta ɗora ruwan wanka, tun tana amarya. Na tsaya a tsakiyar wata mararraba na yi shi. Na sake, na sake. Ƙarar motoci ta haɗiye shi kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Mutane suka ja baya suka bar mini fili, wasu na dariya, wasu na ɗaga waya suna ɗaukata. Wani mai kwat ya jefo mini kuɗi a gaban ƙafa ya wuce. Ni Sha-Tafiya. Na tsallake kuɗin na tafi, kuma in ban ɓoye ba, ruwan da ke fuskata a lokacin ba gumi ba ne duka.

Rana ta karkata, la'asar ta kawo kai, lokacin da na isa ta goma sha ɗaya. Tun daga nesa na ga wani abu ba daidai ba. Rabin fuskar matar ya zubo, ido ɗaya na lilo a iska. Mutum biyu na kan tsani suna kwance igiyoyi. Ashe hoton ba a jikin ƙarfe yake ba, wani irin tamfol ne ake ɗaurawa. Suna cire ta. Alamata ɗaya tilo a duk faɗin garin, suna naɗe ta kamar tabarma.

Na ruga na kama tsanin na girgiza, ina ce musu su mayar da ita. Na sama suka rungume ƙarfe suna zagi. Wani kakkauran mutum mai furfura a gemu, da igiya a kafaɗa, ya zo ya riƙe hannuna. Shi ne babbansu.

"Baba, saki tsani, za ka kashe mini mutane. Matarka ce a hoton?"

Na ce matata na ƙarƙashinsa. Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ya ja ni gefe ya zaunar da ni a kan naɗaɗɗen tamfol, a kan haƙoran matar, ya ce in faɗa masa tun daga farko. Na faɗa, ban rage ba sai abin da ya shafi taurin kaina. Ya saurara yana murza gemu. Da na gama ya ce matar nan guda ɗari biyu da arba'in ce a garin, shi da mutanensa suka ɗaura su, kuma a makon nan suke sauke su duka, don za a sa na sabulu.

Ya ce ban da allon me na gani a wurin. Na ce katanga. Ya ce wace iri. Na ce doguwa. Ya ce rubutu fa, ko shago, ko wani gini. Na lalubi kaina ciki da waje, babu komai sai jan ɗankwali da kofi.

"Wato tun da ka shigo garin nan sama kake kallo," in ji shi. "Ita fa, ba ta ce komai ba?"

"Makauniya ce."

"Na ji. Kurma ce kuma?"

Maganar ta dake ni fiye da faɗuwar da na yi a kasuwa. Na rufe ido, na nemo muryar tsohuwa a ƙarƙashin duk uhm ɗin da na binne ta da shi. Na ce ta ce ƙasa na rawa kamar garke na wucewa ta ciki. Ya ce jirgin ƙasa ke nan, layin dogo na bayan katangar, kuma alluna bakwai yake da su a bakin layin. Na ce ta yi atishawa, ta ce ƙanshin ɗanyen katako. Ya tafa hannu sau ɗaya ya ce kasuwar katako, guda ɗaya ce a kan layin.

Ya ciro waya ya kira wasu abokan aikinsa da ke wancan ɓangaren. Ina kallon bakinsa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya kashe wayar ya ce tun kafin azahar suka sauke hoton wurin, ƙarfe ne kawai a tsaye yanzu. Sun ga wata tsohuwa a gindin katanga, sun yi mata magana ta matsa kada igiya ta faɗo mata, ba ta ko ɗaga kai ba, suka ɗauka ba ta da lafiyar ƙwaƙwalwa. Lokacin da suka tafi ta kife a kan jakarta.

Na miƙe. Ya ce mota ba za ta yi mini amfani ba, titi ya cushe, gara kunkuru. Ya kai ni bayan wasu shaguna ya nuna mini wata 'yar hanya da ke bin gefen layin dogo.

"Ka sa layin a hannun damanka, kada ka rabu da shi. Kada ka ɗaga kai, Baba, babu abin da ya rage maka a sama. In hancinka ya ji katako, ka iso."

Ban tuna ko na yi masa godiya ba. In yana raye, ga ta nan a rubuce.

Hanyar duk tsakuwa ce mai kaifi, irin wadda ake zubawa a layin jirgi, ga ƙafa ɗaya babu takalmi. Na cire ɗayan ma na yar, don ɗingishi biyu ya yi wa mutum ɗaya yawa. Na wuce bayan gidajen kwano, mata na wanki suna bi na da ido. Na wuce juji yana hayaƙi. Kaina a ƙasa, ledar ruwa a ƙirji, ina ta yi wa Allah alkawura waɗanda shi ya san ba duka zan iya cikawa ba. Ina tuna kalmar nan, ta kife. Mai barci na kifewa, mai suma na kifewa, akwai kuma na uku, wanda na hana zuciyata kiran sunansa.

Can sai na ji abu a tafin ƙafata. Tsakuwa na motsi. Ban ga jirgi ba tukuna, ban ji ƙararsa ba, amma ƙasa na rawa, daidai yadda garke ke girgiza ta in ya tunkaro mashaya. Da takalmi a ƙafata da ban ji ba. Jirgin ya zo ya wuce, na tsaya na rufe ido na ja iska. Hayaƙi, kwata, man inji. Na ƙara gaba na sake ja. Sau huɗu ina haka. A na biyar na yi atishawa.

Na bi ƙanshin ta cikin rumfunan masu yanka katako, garin katako har idon sawu, na sami wata ƙofa a jikin katanga na fita titi. Ga gadar sama mai matakala shida. Ga ƙarafan allo tsirara, ana hango sama ta cikinsu. Sai na gane wurin ta wata fuskar kuma: sau biyu na wuce ta tsallaken titin nan da rana, na ɗaga kai ban ga mata ba, na yi gaba.

A gindin katangar an jingina wani faffaɗan katako, ya yi kamar 'yar bukka. Wani dattijon kafinta da fensir a bayan kunne na tsugune a gefe. Daga ƙarƙashin katakon ƙafafu biyu ne suka leƙo, kumburarru, da ƙaramin yatsan nan da ya hau kan ɗan'uwansa. Ba sa motsi. Na kasa kira. Na taho a hankali, ƙafar hagu na jan ƙasa.

"Ja-ƙafa," in ji wata murya daga ciki, a dushe kamar ana goga kara. "Ina ruwan?"

Na durƙusa. Leɓɓanta sun tsage, fuskarta ta yi wani irin toka-toka, amma sandata na riƙe gam a hannunta. Kafintan ya ce tun azahar suke fama. Sun kawo ruwa ta datse baki, sun kawo mata mace ta lallashe ta ko uffan, da suka gwada ɗaga ta zuwa rumfa sai ta sauke wa ɗayansu sanda a ƙwauri, har yanzu yana ɗingishi. Da suka ga ba za ta je inuwa ba, sai suka kawo mata inuwar. Ya ce shi bai taɓa ganin taurin kai irin wannan ba. Na ce ba nata ba ne, aro ta yi.

Na ciji bakin ledar na kai mata. Ta kurɓa, ta tsaya, ta ce shayi na je sayowa ashe. Ta sha rabi a hankali, sannan ta lalubo fuskata, ta taɓa leɓɓana, ta tura mini sauran. Na ce na sha a hanya. Ta ce bakin da ya sha ruwa ba haka yake ba. Na shanye.

Ta tambaye ni ina na tsaya. Kafinta na nan, wasu ma sun taru. Na matsa kusa da kunnenta.

"Na ɓata."

"Ban ji ba."

"Kin ji. Ke da ke jin rawar ƙasa."

Ta kai hannu haɓar zani ta fara kwance ƙullin, yatsunta sun kasa, na kwance mata. Ni da kaina na miƙa wa kafintan takardar, na ce don Allah ya kira mana wannan lamba, ya ce a zo a ɗauke mu.

Da surukina ya iso ya ga ƙafafuna, ya tambaya, na ce gari na zaga in ga yadda yake, kuma ban ga abin a zo a gani ba. Tsohuwa ta yi tari, ba ta tona ni ba. Kwana biyu ta yi ana ƙara mata ruwa kafin likita ya yarda ya taɓa idon.

Ranar da aka cire mata bandeji, bayan ta gama kallon Auta da jikoki, ta dube ni ta ce ashe haka na tsufa. Sannan ta ce a kai ta ta ga matar nan mai kofi da na wuni ina bi. Surukina ya zaga da mu rabin gari a mota. Ko ɗaya babu, duk sabulu ne. Har yau in na ɗauko labarin sai ta ce ita dai ba ta ga wata mata ba, jirgi da katako ta sani.